Yadda Ake Gano Wutar da Ke Cinye Lagireto

Idan lagireton alminiyam ya fara yoyo ta ƙananan huji kamar bakin allura, aka sa sabo shi ma bai shekara ba ya huje, kada ka yi saurin zargin mai sayar da kaya. Sau da yawa wutar lantarki ce ke bi ta cikin ruwan injin. Wuta dole ta koma kan batir na nagetif. In wayar da ke mayar da ita ta yi tsatsa, ta kwance ko ta tsinke, sai ta nemi wata hanya, ruwan lagireto kuwa yana ɗaukar wuta. Tana bi tana zaizaye alminiyam daga ciki, har ya ɓule. Ga yadda za ka gano ta da mitar awon wuta irin ta masu wayarin.

1. Bari injin ya huce sarai. Buɗe murfin lagireto da zafi na iya watsa maka tafasasshen ruwa a fuska.

2. Juya mitar zuwa DC, a ma'aunin bolt 2 ko 20. Maƙala baƙar wayar a kan batir na nagetif. Tsoma tsinin jar wayar cikin ruwan, ka riƙe shi a tsakiya, kada ya taɓa bakin lagireto ko wani ƙarfe.

3. Karanta tun mota tana kashe. Ƙasa da bolt 0.1 lafiya lau. Daga 0.3 zuwa sama akwai matsala, a bincika.

4. Raba dalilan biyu: wayarin ne ko ruwan da kansa. Cire wayoyin batir duka, nagetif da farko, ka mayar da baƙar wayar mita jikin injin, ka sake awo. In lambar na nan daram, ba daga wayarin ba ne: ruwan ne ya tsufa ya yi tsami, shi da ƙarafan injin suka koma kamar ƙaramin batir. In lambar ta faɗi, wuta ce daga waje.

5. Mayar da batir. Sa wani ya tayar da mota idonka na kan mita, domin kik ne ya fi komai jan wuta, kuma a wannan lokacin ne raunin wayar da ke haɗa injin da bodi ke bayyana.

6. Injin na aiki, a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya: fitilu, esi, waifa, rediyo, sannan a jira fankar lagireto ta ɗauka. Janye hannunka da wayoyin mita daga fanka da bel. Abin da aka kunna lambar ta yi tsalle, wayarsa ta nagetif za a bi.

7. Juya mitar zuwa AC. In ta nuna wuta a ruwan, a kai altaneto a gwada, mai yiwuwa ɗaya daga diyod ɗinsa ya lalace.

Gyaran ba shi da tsada. Kwance wayar da ke haɗa batir da bodi, da wadda ke haɗa injin da bodi, ka goge mazauninsu da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. Wannan ta biyun ita ake yawan mantawa bayan an sauke injin ko giya, don haka tabbatar tana nan.

In ruwan ne, zubar da shi, a wanke layin gaba ɗaya, a zuba kulan irin da kamfanin motar ya ce. Mai kauri ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke ƙara jan wuta, kuma ba ya hana tsatsa.

Bayan gyara, maimaita awon daga farko. Sai mita ta sauka ƙasa da 0.1 sannan ka kashe kuɗinka a kan sabon lagireto.