Disashewar Hasken Tauraro Ba Alamar Mutuwar Kowa Ba Ce

 Darasin wannan mako yana kan wani camfi da ya daɗe a bakin jama'a, watau cewa idan hasken tauraro ya disashe, to, wani babban mutum zai faku, ko wani bala'i yana tafe. Da irin wannan magana ne 'yan duba suke cin dukiyar bayin Allah, su kuma raunana musu imani.

Duk mutumin Zariya ya san hazon hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan kwaso ƙura daga Hamada, har manomi a Samaru da ɗan kasuwa a Sabon Gari su dubi rana da hantsi ba tare da ta kashe musu ido ba. Ba wanda ya taɓa cewa ranar ce ta yi rauni, domin kowa ya san ƙura ce ta shiga tsakani.

To, masana sun tarar da irin wannan a can sama. A shekarar 1852 wani masani a Landan, John Russell Hind, ya gano wani tauraro a burujin Sa, sashen da Kaza da 'Ya'yanta take, wanda haskensa yake ƙaruwa yana raguwa. Aka sa masa suna T Tauri. Daga baya aka gane cewa akwai ire-irensa da yawa, kuma jarirai ne cikin taurari: ba su kai shekara miliyan 10 ba, alhali rana ta kai miliyan 4,600. Ido ba ya ganinsu sai da madubin hangen nesa.

Irin wannan tauraro yakan zauna a tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen faifai na ƙura da iska, ragowar abin da aka halicce shi da shi. Faifan yana juyawa, kuma idan wani sashe nasa mai kauri ya gitta, sai hasken ya ragu ga mai kallo daga duniya. Ɗaya daga cikinsu, AA Tauri, faifansa ya karkace daga ciki, saboda haka yakan disashe kusan kowane kwana 8. A 2011 kuwa ya yi duhu ƙwarai na tsawon shekaru, don ƙura mai yawa ta tare shi. Haskensa yakan yi shekara wajen 450 kafin ya iso nan. Ashe ke nan abin da aka gani a daren yau ya auku ne tun kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ta yaya zai ba da labarin wanda zai mutu gobe?

Shari'a ta riga ta yanke wannan hukunci. Ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, husufinsu bai rataya ga mutuwar kowa ko rayuwarsa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan.

Malamai sun raba ilmin taurari kashi biyu. Na farko halal ne: sanin alƙibla, da hanya, da lokutan shuka, kamar yadda aya ta 16 a Suratun Nahli ta yi nuni. Binciken dalilin disashewar haske yana cikin wannan kashi, don yana ƙara wa mutum sanin ikon Mahalicci. Na biyu haramun ne: da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari.

Saboda haka ya wajaba ga iyaye da malaman makarantun allo su koya wa yara wannan bambanci tun da wuri. Wanda wani abu a sama ya tsorata shi, to, ya yi salla da addu'a da sadaka, kada ya kai kuɗinsa zauren ɗan duba. Allah ya tsare imanin Musulmi, amin. Allah ne mafi sani.