Yadda Ake Gyara Matsalar Kiran Bidiyo da Sauti a Kwamfuta Mai Linux

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci da dama suka shiga neman mafita, domin Windows 11 ba kowane tsohon inji take karɓa ba. Linux na cikin hanyoyin da suka fi dacewa da su. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma laftof ɗin gwanjo mai shekara goma kan ɗauki Ubuntu ko Linux Mint ya yi aiki lafiya lau. Sai dai akwai wurare biyu da sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Ko dai ya shiga taron Zoom ko Google Meet ana ganinsa ba a jinsa, ko kuma ya danna bidiyon da aka turo masa allo ya yi baƙi ƙirin.

Da hakan ta faru, wani sai ya ce a goge komai a sake ɗorawa, wani kuma ya kwaso dogayen umarni daga intanet ya zuba ba tare da ya san aikinsu ba. Duka biyun ɓarna ce. Sauti da hoto a Linux hawa-hawa suke bi: na'urar kanta, sai direban da ke magana da ita, sai manhajar da ke rarraba sauti, sannan manhajar kira ko ta kallo. Lamarin kamar ruwan famfo ne da ya ƙi zuwa: mai hankali yakan fara leƙa tanki, ya bi bututu, kafin ya kai ga kwance kan famfon. Wanda ya bi matakan nan a jere, daga ƙasa zuwa sama, zai gane inda ciwon yake.

Kafin a fara

A buɗe tagar rubuta umarni, wato taminal, ta hanyar danna Ctrl da Alt da T a tare. A rubuta `sudo apt update`, sannan `sudo apt upgrade`, a bari ta gama, a kashe kwamfutar a kunna. Sabuntawa kaɗai kan kawar da matsaloli da yawa, don haka kuɗin datar ba asara ba ne. Daga nan a riƙe ƙa'ida guda: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta a takarda. Wanda ya taɓa abubuwa biyar a tare ba zai san wanne ya gyara ba, balle wanne ya ɓata.

Mataki na ɗaya: abin da ido ke gani

Laftof da yawa, musamman ƙirar ThinkPad na baya-bayan nan, suna da ɗan murfi da ake zamewa a kan kyamara. Wasu kuma suna da maɓalli a jeren F1 zuwa F12 mai hoton kyamara ko makirfo da aka ja wa layi, wanda ake dannawa tare da Fn. A duba su. A duba wayar iyafis ma, domin wasu na da nasu makunnin.

Sai batun rami. Iyafis ɗin waya mai makirfo yana da zobe uku a bakinsa, marar makirfo kuma zobe biyu. Tsofaffin kwamfutoci rami biyu gare su, ɗaya na sauraro, ɗaya na makirfo. In aka sa iyafis ɗin waya a ramin sauraro, za a ji mutane amma makirfonsa ba zai yi aiki ba, sai an sayi ƙaramar wayar nan mai raba baki ɗaya gida biyu.

Mataki na biyu: kyamara

Kada a fara gwaji da Zoom. A ɗora ƙaramar manhajar Cheese da `sudo apt install cheese`, a buɗe ta. In fuska ta fito, kyamara da direbanta lafiya suke, sai a tsallaka zuwa mataki na uku.

In ba ta fito ba, a rubuta `ls /dev/video*`. Linux na nuna kyamara ne a matsayin fayil mai suna `/dev/video0`. Idan fayil ɗin yana nan amma babu hoto, galibi wata manhaja ce ta riƙe kyamarar, kuma `fuser /dev/video0` zai nuna lambar aikin da ya riƙe ta. A rufe burauza da duk wata manhajar kira, a sake gwadawa. In ta ƙi, a sauke direban a mayar da shi: `sudo modprobe -r uvcvideo`, sannan `sudo modprobe uvcvideo`. Wannan direba ɗaya shi ke tafiyar da mafi yawan kyamarorin kwamfuta.

Idan kuwa fayil ɗin ba ya nan sam, a rubuta `lsusb`. Kyamarar cikin laftof ma galibi ta hanyar USB ake haɗa ta a ciki, don haka ya kamata sunanta ya fito a jerin. In bai fito ba, a shiga BIOS lokacin kunnawa a duba ko an kashe ta a can, abin da ya zama ruwan dare a kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje. In a kunne take, to mai yiwuwa siririyar wayar da ta bi ta gaɓar murfin ce ta tsinke, wannan kuwa aikin mai gyara ne. Akwai kuma wasu sababbin laftof masu kyamarar da ke bin tsarin IPU6 na Intel, waɗanda tallafinsu a Linux bai daɗe da soma shigowa ba. Ga mai irinsu, mafita mafi sauƙi ita ce ƙaramar kyamarar USB ta waje.

Mataki na uku: sauti

A gwada lasifika da `speaker-test -c 2 -t wav`. Za a ji murya daga hagu sannan daga dama, a tsayar da ita da Ctrl da C. Sai makirfo: `arecord -f cd -d 5 gwaji.wav` zai naɗi murya ta daƙiƙa biyar, `aplay gwaji.wav` kuma ya maimaita ta.

In shiru ne, a buɗe `alsamixer`. Duk ginshiƙin da ke ɗauke da MM a ƙasansa a kashe yake, a kai kansa a danna M. Maɓallin F4 na nuna ɓangaren makirfo, F6 kuma na ba da zaɓin katin sauti.

Hawa na gaba shi ne mai rarraba sauti. Shekara da shekaru PulseAudio ke wannan aiki, sai PipeWire ta gaje ta: Fedora ta koma kanta a 2021, Ubuntu daga fitowar 22.10, Linux Mint kuma daga 22. Umarnin `pactl info` zai faɗi wadda ake amfani da ita. Ko wacce ce, manhajar `pavucontrol` na aiki da ita, kuma a ganina babu kayan aikin da ya fi ta amfani a wannan fage. A ɗora ta, a buɗe yayin da ake cikin kira. Shafin Playback na nuna inda sautin kowace manhaja ke fita, shafin Recording kuma na nuna makirfon da take sauraro. Sau da yawa a nan ake gano cewa sauti na tafiya ta wayar HDMI zuwa allon da ba shi da lasifika, ko kuma Zoom na sauraron makirfon da ba shi ake magana a ciki ba.

In sauti ya ɗauke haka kawai bayan yana aiki, a farfaɗo da shi da `systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber`, ko `pulseaudio -k` ga mai tsohon tsari. In kuma aka ga an rubuta Dummy Output a wurin sunan lasifika, ma'anarsa Linux ba ta ga katin sautin ba. A sababbin injinan Intel, ɗora `firmware-sof-signed` a Ubuntu da sake kunnawa kan magance shi.

Mataki na huɗu: izini

In Cheese na nuna fuska, naɗin murya ma ya fito, to saura manhajar kira. Microsoft ta rufe Skype a watan Mayun 2025, ta kuma janye manhajar Teams ta Linux tun ƙarshen 2022, don haka yawancin kira yanzu ta burauza ake yi, ban da Zoom da ke da manhajarta ta Linux. Burauza kuwa ba ta buɗe kyamara sai an ba ta izini, kuma wanda ya taɓa danna hani sau ɗaya, ba za ta sake tambayarsa ba. A danna alamar da ke gefen hagu na adireshin shafin, a cire hanin kyamara da makirfo, a sake loda shafin.

Akwai izini na biyu da mutane ba su cika sani ba. Tun daga Ubuntu 21.10, Firefox na zuwa ne a ƙunshin Snap, wanda ke killace manhaja daga sauran kwamfuta. A rubuta `snap connections firefox`, a duba layin `camera` da na `audio-record`. In ba a haɗe suke ba, `sudo snap connect firefox:camera` zai haɗa na farko, na biyun ma haka ake yi masa. Manhajojin Flatpak kuma da Flatseal ake duba izininsu.

Mataki na biyar: nuna allo ga mahalarta taro

Malami ya tashi nuna darasi, ɗalibai suna ganin baƙin allo. Dalili shi ne Wayland, sabon tsarin zana allo da ya maye gurbin X11, wanda saboda tsaro ba ya barin wata manhaja ta leƙa tagar wata sai ta ƙofa ta musamman. `echo $XDG_SESSION_TYPE` zai faɗi tsarin da ake kai. In Wayland ne, a tabbata an ɗora `xdg-desktop-portal-gnome`, an kuma sabunta Zoom ko burauza. In taro ya matso babu lokacin bincike, mai Ubuntu 22.04 ko 24.04 ya fita daga asusunsa, ya danna alamar saiti a ƙasan shafin shiga, ya zaɓi Ubuntu on Xorg.

Mataki na shida: Bluetooth da amsa-kuwwa

Iyafis ɗin Bluetooth na da yanayi biyu. A2DP na ba da sauti mai daɗi amma babu makirfo, HFP kuma na buɗe makirfo amma sautin ya koma irin na kiran waya. Wannan ba laifin Linux ba ne, haka fasahar take. A shafin Configuration na `pavucontrol` ake sauya su. Amsa-kuwwa kuma na faruwa ne idan makirfo ya tsinci abin da lasifika ke fitarwa, kuma wanda ke jawo ta ba shi ke jin ta ba, abokan hirarsa ne. Maganinta iyafis mai waya.

Mataki na bakwai: bidiyon da ya ƙi buɗewa

Kowane bidiyo a matse yake da wani tsari da ake kira kodek, kuma sai kwamfuta na da mabuɗin wannan tsari za ta iya nuna shi. Wasu kodek ɗin, irin H.264 da H.265 da wayoyi ke naɗa da su, suna ƙarƙashin haƙƙin mallakar kamfanoni, shi ya sa masu rarraba Linux ba su cika sa su kai tsaye ba. MP3 ta fita daga wannan ƙangi a 2017 da wa'adin haƙƙinta ya ƙare.

A Ubuntu a rubuta `sudo apt install ubuntu-restricted-extras`. Wata tagar yarjejeniya za ta tsaya a tsakiyar aikin, linzami ba ya aiki a kanta: a danna Tab don kaiwa ga Ok, sannan Enter. A Linux Mint sunan ƙunshin `mint-meta-codecs`. Sai a ƙara da VLC, manhajar da ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniyoyi ta birnin Paris a Faransa, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001. Da wuya a sami fayil ɗin da ya gagare ta, kuma in ta kasa, galibi fayil ɗin ne bai gama sauka ba. Shafukan fina-finai na biyan kuɗi irin Netflix kuma sai an kunna zaɓin DRM a saitin Firefox.

Mataki na takwas: hoto na sarƙewa

A nan masu laifi biyu ne, netwok ko inji. A rubuta `ping -c 20 8.8.8.8`, a duba layuka biyu na ƙarshe. In saƙonni na ɓacewa a hanya, netwok ne. Zoom ba ya buƙatar gudu mai yawa, kimanin kilobit 600 a daƙiƙa ya ishi kiran mutum biyu, amma yana buƙatar layin da ba ya yankewa. A matso kusa da Wi-Fi, ko a haɗa waya da kwamfuta da kebul ɗin USB don amfani da datar wayar, a kashe HD, in ta kama a kashe kyamara a bar murya.

In netwok lafiya yake amma fanka na gurnani, a buɗe `top` a ga abin da ke cinye ƙarfin inji. A kashe ƙawar bayan hoto da ke ɓoye ɗaki, domin tana wahalar da tsohuwar kwamfuta ƙwarai. A ɗora `vainfo` a ga ko katin hoto na taimakawa wajen warware bidiyo: injinan Intel daga tsara ta biyar zuwa sama `intel-media-va-driver` suke so, na baya kuma `i965-va-driver`. YouTube kan aiko da VP9 ko AV1, waɗanda tsofaffin injina ke warwarewa da ƙyar, don haka rage inganci zuwa 480p na sauƙaƙa wa inji da aljihu. A kuma tuna da ƙurar hunturu: injin da iska ba ta ratsa shi kan rage gudun kansa don kada ya ƙone, sai an buɗe an kakkaɓe.

In duk an bi ba a dace ba

A kunna kwamfutar daga filashin da aka ɗora Linux da shi, a zaɓi gwaji ba tare da ɗorawa ba. In kyamara da sauti suka yi aiki a can, saiti ne ya ɓaci, kuma takardar da aka riƙa rubutawa za ta taimaka wajen gano shi. In ba su yi ba, na'ura ce ko direba. Lokacin neman taimako kuma kada a ce wa masani “sauti ba ya yi” kawai. A kai masa sakamakon `inxi -Fxz`, wanda ke bayyana kayan cikin kwamfutar yana ɓoye bayanan sirri, tare da matakan da aka riga aka bi.

Wanda ke da jarrabawar neman aiki ko darasi gobe ya yi gwajinsa yau a shafin zoom.us/test, rigakafi ya fi magani. Wanda kuma ya gano bakin zaren wata matsala ya rubuta yadda ya yi da Hausa, ya ambaci ƙirar kwamfutarsa, ya watsa. Da irin wannan taimakon juna aka gina Linux tun 1991, kuma masu irin kwamfutarsa suna nan da yawa suna jiran amsar.