Asalin Superman: Ƙarfi Ko Tarbiyya?

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan wanda bai taɓa ganin hoton Superman ba, mutumin nan mai shuɗiyar riga da jan mayafi da harafin S a ƙirji. Wasu sun gan shi a talabijin, wasu kuwa a littattafan nan na labari cikin zane waɗanda muke ara wa juna har bangonsu ya yage. Iyayenmu da yawa suna ganin karanta su ɓata lokaci ne, kuma suna da gaskiya idan yaro ya ajiye lissafi ya rungume su. Amma da na bi diddigin asalin wannan jarumi, sai na tarar da wani darasi wanda ya shafe mu mu ɗalibai, ya kuma shafi iyayenmu. Shi nake so in kawo a wannan fili.

Da farko dai ya kamata mu san cewa waɗanda suka ƙago Superman 'yan makarantar sakandare ne kamarmu lokacin da suka haɗu. Sunansu Jerry Siegel da Joe Shuster, an haife su duka biyu a shekarar 1914, kuma sun yi abota a wata makaranta da ake kira Glenville a birnin Cleveland na ƙasar Amurka. Dukansu 'ya'yan Yahudawa ne waɗanda suka yi ƙaura daga Turai. Jerry shi ne mai rubuta labari, Joe kuwa mai zane. Zamanin nan Amurka tana cikin matsin da ya fara a 1929, aiki ya yi wuya, har Joe kan yi zanensa a bayan takardun manna bango da aka yar, don babu kuɗin sayen takarda. Shi kuma Jerry, a 1932 ɓarayi suka shiga kantin tufafin mahaifinsa, tsohon ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Ga su dai yara biyu marasa ƙarfi, masu tabarau da kunya, sun ga yadda duniya ke taka talaka.

Abin mamaki shi ne, Superman na farko da suka ƙago mugu ne. A 1933 suka buga wani gajeren labari a wata 'yar mujalla tasu ta kansu. A cikinsa wani masanin kimiyya ya ɗauko wani fakiri daga layin masu jiran sadakar abinci, ya ba shi wani magani. Nan take mutumin ya sami ikon sanin abin da ke zuciyar mutane da juya su yadda ya so. Me ya yi da wannan iko? Sai ya shiga tara dukiya da neman mallakar duniya, ya kashe wanda ya ba shi maganin, daga ƙarshe ikon ya gushe ya koma gidan jiya. To, mai karatu, riƙe wannan a ranka, za mu komo kansa.

Bayan haka sai abokan nan biyu suka sake shawara, suka mai da shi mutumin kirki, suka kuma ba shi asali. Ga yadda labarin yake. Akwai wata duniya mai nisa da ake kira Krypton, wadda mutanenta suka yi nisa ƙwarai a ilmi. Wani masani mai suna Jor-El ya gane cewa duniyar tasu ta kusa fashewa. Ya gaya wa manyan ƙasa, suka yi kunnen uwar shegu da shi. Da ya ga babu makawa, sai shi da matarsa Lara suka ɗauki jaririnsu Kal-El suka sa shi cikin wani ɗan kumbo, suka harba shi sararin sama. Kumbon bai yi nisa ba Krypton ta tarwatse da duk wanda ke cikinta. Wasu masu nazari suna ganin cewa, da yake marubutan Yahudawa ne, sun taso da jin labarin yadda aka sa Annabi Musa, alaihis salam, cikin akwati aka jefa a kogi, kuma daga nan tunanin ya zo musu. Sai dai kada mu manta, wancan gaskiya ne, wannan kuwa ƙage ne kawai.

Kumbon ya faɗo a ƙasar Amurka. A fitowar farko, wadda aka buga a mujallar Action Comics ta watan Yuni 1938, shafi ɗaya tak aka ba wannan asali, aka ce wani mai mota ne ya tsinci yaron ya kai shi gidan marayu. Sai a 1939 aka ƙara wani abu wanda a ganina shi ne gishirin labarin. Aka ce wani tsoho da matarsa, masu suna Kent, su ne suka tsince shi. Suka kai shi gidan marayu, amma hankalinsu bai kwanta ba, suka koma suka roƙa a ba su riƙonsa. Masu gidan marayun suka ba su da murna, don jaririn ya kusa gama kakkarya musu kayan ɗaki. Suka raɗa masa suna Clark. Daga baya ne marubuta suka nuna cewa manoma ne a wani ƙaramin gari mai suna Smallville.

Da yaron ya fara tasawa aka ga ƙarfinsa ya wuce na mutane, sai uban riƙon ya hore shi da ya ɓoye wannan ƙarfi kada ya firgita jama'a, uwar kuma ta ce in lokaci ya yi ya taimaki mutane da shi. Bayan rasuwarsu ya tafi birni ya zama ɗan jarida, yana sanye da tabarau, yana tafe sumumu kamar wanda ba ya iya kashe ƙuda. A labaran farko ko tashi sama ba ya yi, tsalle kawai yake yi ya ƙetare dogayen gidaje. Kuma ba da dodanni ya fara faɗa ba. Ya je gidan gwamna da tsakar dare ya ceci wata mata da za a kashe bisa laifin da ba ta yi ba. Ya ladabtar da wani mai dukan matarsa. Ya sa wani mai mahaƙar ma'adinai ya ɗanɗani zaman ramin da yake tura leburorinsa ciki ba tare da kariya ba.

Yanzu sai mu auna. Na 1933 ya sami iko, na 1938 ma ya samu. Na farko ya zama annoba, na biyu ya zama garkuwar raunana. Bambancinsu shi ne ɗaya ya sami ikon rana tsaka babu mai kwaɓarsa, ɗayan kuwa ya tashi a hannun mutanen kirki. Ƙarfinsa daga Krypton ya zo da shi, amma halinsa a gidan talakawa ya samo shi, a wurin waɗanda ba su ma haife shi ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Su kuwa marubutan, abin da suka ƙago jarumin don ya hana shi ne ya same su. Bayan sun sha yawo da labarin shekara da shekaru ana korarsu, a 1938 suka sayar da shi, da duk ikon mallakarsa, a kan dala 130. An ci gaba da biyansu ladan aiki, amma dukiyar da jarumin ya jawo ta kamfani ce. Suka kai ƙara a 1947, ba su karɓo shi ba, aka ma cire sunayensu daga mujallar. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Joe ya tsufa cikin talauci, idanunsa sun kusa mutuwa. Sai a 1975, da jama'a suka yi ca, kamfanin ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma mai da sunayensu. Joe ya rasu a 1992, Jerry a 1996. A 2024 an sayar da kwafi ɗaya na mujallar nan ta 1938 a kan dala miliyan 6.

'Yan'uwana ɗalibai, babu ɗayanmu da zai ɗaga mota da hannu, amma kowa yana da ɗan ƙarfinsa. Mu da muke manyan azuzuwa, baɗi wasunmu za su zama firifet. Ɗan aji ɗaya da ya baro uwarsa yana kuka, a idonsa siniya ya fi Superman ƙarfi. Kana iya sa shi wanki da ɗebo ruwa har ya rasa darasi, kana iya ƙwace masa garin kwakinsa da sukarinsa, babu mai gani cikin ɗakin kwana. Kana kuma iya tsare masa rabonsa a ɗakin cin abinci. Mun sha wannan wuya muna ƙanana, mun san ɗacinta, kuma cewa "haka aka yi mana" ba hujja ba ce. Ranar da aka ba ka iko, a ranar za a san ko wane ne kai cikin biyun nan, na 1933 ko na 1938.

Ku kuma iyayenmu, musamman masu riƙon marayu da 'ya'yan dangi, ku dubi tsofaffin nan biyu na cikin labari. Ba su ba yaron dukiya ba, ba su ba shi ƙarfi ba, hali suka ba shi. Makaranta tana koya mana ilmi, wata rana wasunmu za su zama alƙalai, wasu sojoji, wasu likitoci. Abin da za mu yi da wannan iko kuwa, daga gida za mu zo da shi.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, amin.