Riƙon Yara Bayan Mutuwar Aure: Dokar Jiha da Hukuncin Shari'a

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A shekarar 2003 ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, amma ba ta aiki a wata jiha sai majalisar dokokinta ta amince da ita. Jihohin Arewa sun daɗe suna nazarinta don gudun kada ta saɓa wa addini. Jihar Kano ta sa hannu a kan tata, mai suna Dokar Kare Yara, a 2023. Tushen waɗannan dokoki shi ne, duk lokacin da kotu za ta yanke wanda zai riƙe yaro, to maslahar yaron ita ce a gaba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Malaman fiƙihu suna kiran riƙon yaro "hadana". A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan inna, wato 'yar'uwar uwa. Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya hana Sayyidina Umar karɓe ɗansa Asim daga hannun kakarsa, Umar kuwa bai yi jayayya ba.

Ashe ke nan al'adar nan ta uba ya ƙwace yaro da zarar an yaye shi ba ta da madogara. Abin da ke wuyan uba shi ne ci da sha da tufafi da tarbiyya, ko da yaron yana hannun uwarsa.

Haka kuma riƙo amana ne. In ya tabbata mai riƙo ba ta iya kiyaye lafiyar yaro ko addininsa, alƙali na iya ɗauke shi daga hannunta. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraren irin wannan shari'a tsakanin Musulmi.

Saboda haka wanda duk yake da ƙorafi, sai ya tafi gaban alƙali, kada ya ɗauki doka a hannunsa. Yaro dai ba makamin ramuwa ba ne tsakanin iyayensa.

Allah Shi ne Masani.