Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Kogin Kwara Ya Taso?

Wani mai sauraronmu daga Yawuri ya tambaya: daga ina Kogin Kwara ya taso, ina kuma ya ƙare?

To, Malam, kogin nan da ke wucewa ta gefen garinku ya ɓuɓɓugo ne daga tsaunukan ƙasar Gini, kimanin kilomita 240 kacal daga Tekun Atlantika. Abin mamaki, maimakon ya gangara teku, sai ya juya mata baya ya nufi arewa maso gabas, ya ratsa Bamako da Segu. A yankin Mopti yakan bazu cikin fadamu masu faɗi, inda rana ke shanye ruwansa mai yawa, amma masunta, makiyaya da manoman shinkafa da shi suke rayuwa. Kusa da Tumbuktu, a bakin Sahara, ya karya kwana, ya bi ta Gao da Yamai, ya shigo Najeriya ta Jihar Kebbi.

Daga nan sai madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, sai Jebba, sai Lakwaja inda ya haɗu da Binuwai, kafin ya rarrabu ya faɗa teku.

Tsawonsa kusan kilomita 4,200 ne, na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango.