Kwari da Baka: Abin da Yaro Zai Fara Koya Kafin Ya Shiga Daji

 Darasinmu na wannan fitowa a kan kwari da baka ne.

Da zarar an gama girbi, kara ya bushe a gonaki, za ka ga yaran Cheberu sun bazu bayan gari, wannan da danƙo, wancan da ɗan bakan da ya lanƙwasa da kansa. A nemo sillen kara, a soka masa ƙusa a baki, shi ke nan an sami kibiya. Yawancinmu mun yi wannan wasa. A hutun da ya wuce, a kan idona wani yaro ɗan unguwarmu ya harba irin wannan kibiya sama don ya ga iyakar tafiyarta. Da ta juyo sai ta sauka a goshin ƙanensa, tsakaninta da ido bai fi faɗin yatsa biyu ba. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya a ɗinki. Mahaifinsu ya karya bakan ya jefa a murhu. Bayan kwana uku yaron ya yi wani, sai dai wannan karon a ɓoye yake harbinsa.

Wannan ne ya sa na zauna da kakana, wanda ya yi farauta da baka a ƙuruciyarsa, na kuma tambayi malamanmu na tarihi da na kimiyya. Abin da na fahimta shi ne, karya baka ba ya raba yaro da harbi. Gara a zaunar da shi a koya masa. Harbi sana'a ce mai ƙa'ida, farkon ƙa'idarta kuwa shi ne sanin lokacin da ba a sakin kibiya.

Baka a tarihin ƙasarmu

Mu 'yan ƙasar Gwandu ba baƙi ba ne ga baka. A watan Yuni na 1804 aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto tsakanin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Gobirawa sun zo da dawaki masu yawa da 'yan lifidi. Jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne, akasarinsu a ƙasa suke da kwari da baka. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, wanda hubbarensa ke nan cikin garin Gwandu, shi ya jagorance su, kuma ruwan kibau ne ya karya lagon dawakin Gobir. A shekarar da ta biyo, 1805, Shehu ya komo Gwandu da zama.

Ku kwatanta mutum a ƙasa, doki na sukuwa a kansa. In ya firgita ya saki kibiya tun daga nesa, ta faɗi banza. Sai mai haƙurin jira ne kibiyarsa ke yin aiki. A darasin tarihin Musulunci ma mun karanta labarin maharba hamsin da aka ajiye a kan tudu ranar Uhudu, da abin da ya biyo baya da yawancinsu suka bar wurin kafin a ba su izini. Ko'ina ka duba, maharbi da biyayya tare suke tafiya.

Da bindiga ta yawaita, baka ya rage a hannun mafarauta da makiyaya. Duk da haka sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa.

Kayan harbi guda huɗu

Na farko baka. Ana yin sa da itace mai lanƙwasa ya miƙe ba tare da ya karye ba, kamar dargaza da ɗunɗu da gora. Ana barin itacen ya bushe sannu a hankali a inuwa, a fere shi ta yadda tsakiyarsa za ta fi kauri, bakunansa biyu su yi siriri daidai da juna. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kibiya ba za ta tafi sak ba.

Na biyu tsirkiya, wato igiyar baka. Ta gargajiya da murɗaɗɗiyar fata ake yin ta. Malamin kimiyya ya bayyana mana aikinta kamar haka: idan ka ja tsirkiya, ƙarfin damtsenka kake tarawa a cikin itacen da ya lanƙwashe. Da ka saki, itacen ya miƙe ya miƙa wa kibiya ƙarfin nan gaba ɗaya. Saboda haka ba a jan tsirkiya a sake ta babu kibiya. Ƙarfin ba shi da wurin zuwa, sai ya koma cikin itacen, ya tsage shi, ɓallin ya iya faɗa wa mutum a fuska.

Na uku kibiya. Jikinta kyauro ne, bakinta ƙarfe ne da maƙeri ya ƙera, a naɗe mahaɗarsu da jijiya don kada kyauron ya tsage. Wasu kibau suna da kunne, wato ɗan ƙarfen da ya karkato baya, wanda in ya shiga nama ba ya fita ta daɗi. Kibiyarmu ta gargajiya ba ta da gashin tsuntsu a gindi, nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke riƙe ta ta tafi daidai a ɗan gajeren zango. Kibau na zamani kuwa ana sa musu fikafikai uku a gindi don su yi nisa ba tare da sun yi wutsil-wutsil ba.

Na huɗu kwari, gidan kibau, wanda akan yi da fata ko da gora a lulluɓe da fata. Bakin kibiya ƙasa yake kallo a cikin kwari. Kibiyar da ba ta kan tsirkiya, a kwari ya kamata a same ta.

Akwai abu na biyar da ba na yara ba ne ko kusa, shi ne dafi. Maharban da sukan shafa wa kibau dafin kwankwani, wanda zuciya yake tsayarwa. Ƙarzane kaɗan ya isa ya kashe mutum. Abin mamaki, a ƙarni na 19 likitocin Turai sun fitar da maganin ciwon zuciya daga dangin wannan tsiro. In ka ga tsohon kwari a rataye a ɗakin kakanka, kada ka sa hannu ciki, domin dafi yakan daɗe bai mutu ba.

Bakan da ya dace da yaro

Kuskuren da aka fi yi shi ne ba yaro bakan da ya fi ƙarfinsa. Ga gwaji mai sauƙi: yaro ya ja tsirkiya har gefen bakinsa, ya riƙe ya ƙirga goma, sannan ya mayar da ita a hankali. In hannunsa ya yi rawa, ko sai ya ɗaga bakan sama kafin ya iya ja, to bakan ya yi masa nauyi, a nemo marar ƙarfi.

Tsawon kibiya ma a gwada. Yaro ya dafa gindinta a ƙirji, ya miƙe hannuwa biyu gaba ya kama ta. Ya kamata bakinta ya wuce yatsunsa da kamar faɗin yatsa biyu ko uku. Gajeriyar kibiya takan zame daga jikin baka in an ja sosai, ta soki hannun mai harbi.

Kibiyar mai koyo ba ta da ƙusa, ba ta da ƙaya, ba ta da kunne. A ɗaure mata tsumma a baki, a tsoma a toka, duk inda ta taɓa za ta bar shaida. A ɗaura wa yaro 'yar fata a cikin sangalin hannun da ke riƙe da baka, saboda tsirkiya takan tsula wa mai koyo bulala.

A kuma san idon da ya fi ganin saiti. Ka nuna wani abu mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe, sannan ka rufe su ɗaya bayan ɗaya. Idon da in shi kaɗai ke buɗe yatsanka bai gusa daga kan abin ba, shi ne nagartaccen. In na dama ne, riƙe baka da hagu ka ja da dama. In na hagu ne, sai ka juya.

Yadda ake koyon bara

A cika buhu da ƙaiƙayi, a zana masa da'ira da gawayi, a jingina shi a jikin katangar ƙasa inda babu hanya, babu ƙofa, babu turken dabbobi. A fara daga taku biyar.

Ka tsaya a karkace, kafaɗarka na kallon buhu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Ɗana kibiya, bakinta na kallon ƙasa. Kama tsirkiya da yatsu uku, ɗaya a saman gindin kibiya, biyu a ƙasa. Ɗaga baka, ja har hannunka ya taɓa gefen bakinka, kuma kullum wuri ɗaya zai riƙa taɓawa. Auna, sannan ka sassauta yatsu tsirkiya ta tafi da kanta. Kada ka sauke hannu sai ka ji kibiya ta sauka.

Ba a ƙara nisa sai kibau sun riƙa taruwa wuri ɗaya. Kibiya biyar da suka haɗu a gefen da'ira sun fi ɗaya da ta faɗa tsakiya bisa sa'a, sauran huɗu suka watse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannun da ya saba da karkata tun farko yana da wuyar gyara.

Dokoki shida da ba a karyawa

1. Ba a harbi sai da babban mutum a wurin.
2. Ba a nuna mutum da baka ko da wasa, ko da babu kibiya. Addininmu ma ya hana nuna ɗan uwa da makami.
3. Ba a harba kibiya sama.
4. Kowa ya tsaya bayan mai harbi, ba wanda zai je ɗauko kibiya sai kowa ya ajiye baka.
5. A duba kyauro kafin a ɗana, in ya tsage a karya shi a yar.
6. In an gama, a kwance tsirkiya, a rataye baka nesa da wuta da laima da hannun ƙananan yara.

Shiga daji

Kakana ya ce shi sai da ya daɗe yana bin mahaifinsa da kwari a kafaɗa kafin a bar shi ya ɗana kibiya a daji. A wannan lokaci ya koyi bambanta sawun zomo da na kurege, ya san inda zabi da fakara ke kiwo da sassafe, ya koyi tunkarar nama ta inda iska ke bugo masa fuska don kada dabba ta ji ƙanshinsa. Harbi shi ne ya zo a ƙarshe.

Hausawa kan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Da na kawo masa wannan karin magana sai ya girgiza kai, ya ce a kasuwa ko a jarrabawa haka ne, amma a daji kuskure ya fi. Dabbar da ka raunata ta gudu da kibiyarka, kai ba ka ci ba, ita ba ta huta ba, kwanaki za ta yi tana shan azaba. In ba ka tabbata za ka same ta inda ya dace ba, sauke bakanka. Haka kuma ba a harbin motsin ciyawa. Bayan wannan duhuwa wataƙila akuyar maƙwabci ce, ko yaro makiyayi, ko uwar wani tana ƙirare.

Malaman fiƙihu sun koyar da cewa mafarauci ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki kibiya, in ya riski dabbar da rai ya yanka ta. Abin da dutsen danƙo ya buge ya mutu kafin a yanka, mushe ne. An kuma hana mai da abu mai rai abin bara don wasa kawai, don haka ƙadangare da tsuntsayen da muke kashewa mu yar, akwai alhakinsu.

Tsofaffi na ba da labarin barewa da gada a dazuzzukan da yanzu gonaki ne. Mu kuwa yawancinmu a littafi muka san su. Don abin da ya rage ya ɗore, ba a harbin mai ciki ko mai shayarwa, ba a taɓa tsuntsun da ke kan ƙwai, ba a cinna wa daji wuta don a kori gafiya. Dokar ƙasa ta hana farauta a gandayen daji na gwamnati irin su Kainji da Yankari, kuma tun 1985 Najeriya ke da dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa. Ga halin da dazuzzuka ke ciki a yanzu, kada ɗalibi ya wuce gonakin gari ba da izinin iyayensa ba.

Idan tsautsayi ya faru

In kibiya ta shiga jiki, musamman ido ko ciki ko wuya, kada a zare ta. A tallafe ta da tsumma mai tsabta don kada ta motsa, a danne gefen raunin in jini na zuba, a garzaya asibiti. Ko raunin ƙarami ne, in ƙusa ko ƙarfe ne ya yi shi, a wanke da sabulu a je a yi allurar tetanas, ciwon nan mai sandarar da jiki. Kada tsoron faɗa ya sa a ɓoye wa iyaye.

Harbi ba sai an kashe ba

A bikin kamun kifi na Argungu an sha yin gasar harbi da baka. A wasannin Olamfik maharba na tsayawa nisan mita 70 su auna allo mai faɗin santimita 122, kuma matan Koriya ta Kudu sun lashe zinaren ƙungiya sau goma a jere, daga 1988 zuwa 2024. Su ma da ƙaramin baka da ɗan gajeren zango suka fara.

Muna roƙon malamanmu su duba yiwuwar ware mana yamma ɗaya a bayan ajujuwa, a gayyato wani dattijon maharbi ya nuna mana sana'ar a gaban malamin wasanni. Ku kuma 'yan uwa ga aikin gida: kowa ya tambayi kakansa ko wani dattijo a unguwarsu da wane itace ake yin baka a da, da sunayen namun dajin da ya taɓa gani da idonsa a ƙasar Gwandu da Kalgo. Ku rubuto ku ba sakataren ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa amsoshin a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wanda kuma yake da ƙane mai baka a ɓoye, ya karanta masa dokokin nan shida yau.