Tsila a Cikin Kifin Turawut: Amsar Wasiƙa Daga Bergen

Wata wasiƙa ta zo daga Bergen ta ƙasar Norway, daga wani ɗan'uwa da ke karatu a can. Ya ce maƙwabcinsa ya ba shi kifin turawut na teku, da ya farke cikin sai ga fararen tsutsotsi falan-falan kamar taliya, cunkushe a hanji. Yana tambaya: ya ci ko ya zubar?

To malam, kwantar da hankalinka. Wannan kifi ɗan'uwan salmon ne. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya yi 'yan shekaru a nan, ya gangara teku ya yi ƙiba, sannan ya dawo rafi ya zuba ƙwai. A wannan yawo yakan haɗiyi wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwa masu ɗauke da 'ya'yan tsila, ko ƙananan kifayen da suka ci su. Wadda ka gani, bisa siffar da ka bayar, ita ce masana ke kira Eubothrium crassum. Takan maƙale a 'yan aljifan da ke farkon hanjin kifi, ta riƙa tsotse masa abinci, wani lokaci ta kai mita guda. Masu gonakin salmon a Norway sun san ta sarai, don tana hana musu kifi girma. Amma ba ta zama a cikin ɗan Adam. Zubar da kayan cikin, ka wanke, ka ɗora tukunya.

Wadda ake tsoro daban take, dangin Diphyllobothrium. 'Ya'yanta kan ɓuya a tsoka ko jikin kayan ciki, ba lalle ido ya kama su ba. Idan aka ci kifin ɗanye, tana iya kai mita 10 a hanjin mutum, ta shanye masa bitamin B12 har jini ya yi ƙaranci. Mutanen Finland sun sha fama da ita a da. Kuma ka kula, kifin da ake turarawa da hayaƙi mai sanyi ba banda ba ne irin na Baga. Wuta ba ta taɓa shi ba.

Dahuwa sosai na kashe ta, haka ma daskararwa a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7. Wanda ya kamu, likita kan ba shi praziquantel, maganin nan na tsargiya. Kada dai ka sha da ka, je asibiti a duba bayan gida tukuna.